Sallamar Sojan Cikin Kwamfuta

Ku gafarce ni da damun ku. Wasan harbe-harben da nake yi wa autana Bashiru faɗa a kai, ashe fim yake haɗawa a ciki, na marigayi babanshi da ya yi aikin soja zamanin mulkinsu.

Jiya ya nuna min. Soja ya tura ƙofa, ya faɗa gida.

Na ce, "Wanga ba babanku ba ne. Shi bai taɓa shigowa ba sallama ba."

"Inna, mutanen wasan ba su magana."

"To, ara mishi bakinka."

Yau ya sake kunnawa. Muryar ta fito sak ta babanshi, sai ji na yi na amsa.

Yana neman izinina ya nuna wa duniya. Don Allah ku ba ni shawara da wuri.