Buba Mai Juye da Zoben Roba

Shekara ashirin da bakwai Malam Buba ya yi yana fita daga gidansa na Bungudu da an sallame sallar asuba, jakar buhu a kafaɗa, ya tsaya bakin titi ya jira motar farko mai shiga Gusau. Cikin jakar ba wani abin a zo a gani: sifana huɗu na kwance noti, guntun kwali na shimfiɗawa a ƙasa, tsummokaran da matarsa Tambaya take yago masa daga tsofaffin zannuwa, sai wata tasa da ta yi baƙi har ba a gane asalin launinta. Ba shi da gareji, ba shi da allo mai ɗauke da sunansa. Gida-gida yake bi yana yi wa motoci juye, wato ya tsiyaye tsohon baƙin mai, ya canza filta mai tace man, ya zuba sabo. Aikin ke nan ba ƙari, shi ya sa Gusau ta san shi da Buba Mai Juye.

Akwai masu taɓe baki su ce wannan ai ba kanikanci ba ne, kwance noti ne da ɗaurewa. Irin waɗannan ba su taɓa tsayawa sun kalli Buba yana aiki ba. Da farko dai ba ya taɓa injin da ya ɗauki zafi. Zai ɗora tafin hannu a kai, in ya ji da saura ya koma inuwa ya zauna, ko da mai motar yana ta safa da marwa yana duba agogo. In ya kwance noti, ba ya mayarwa sai ɗigon ƙarshe ya faɗo. Tsohon man kuwa sai ya murza shi tsakanin yatsu, ya gaya wa direba abin da ke damun injin tun kafin injin ya fara kuka. Sannan akwai abin da bai taɓa tsallakewa ba. Kowace filta tana da zoben roba a bakinta, kuma wani lokaci in an cire tsohuwa, zoben yakan maƙale a jikin inji. In aka ɗaura sabuwa a kansa, roba ta hau roba, mota za ta tashi lafiya lau, sai an hau titi an taka ta sannan zoben ya fashe, man ya zube gaba ɗaya. Don haka kullum Buba sai ya zagaya wurin da ɗan yatsa, sau biyu, kafin ya ɗaura sabuwa.

Da aka ba mu jiha a 1996, Gusau ta wayi gari da manyan motocin da ba ta saba gani ba. 'Yan kwangila da manyan ma'aikata suka cika unguwanni da jif-jif masu baƙin gilashi, kuma ba mai son a kai tasa gareji, inda ake tsoron a shiga da sabon abu a fito da tsoho. Sai aka koma aika wa Buba. Ya kwanta ƙarƙashin motocin da tayarsu ɗaya ta fi duk abin da ya mallaka, ya tashi ya karkaɗe riga, ya sha ruwa a bakin ƙofa, ya wuce. Ezekiel, mai shagon kayan mota a Sabon Gari, wanda a wurinsa Buba yake ɗaukar filta, ya shaida cewa sau uku yana dawo masa da galan a rufe ya ce man ciki jabu ne, kuma duk ukun da aka bincika haka ne. Manoman Ruwan Bore ma sun san shi, don su yake tara wa tsohon mai kyauta su shafa wa azara saboda gara.

Kai ne, Buba na Tambaya, wanda matan gida ba sa ɓoye komai don ka shigo. Kai ne aka bar wa makullin mota da makullin gida aka tafi Kaduna, aka dawo aka tarar da su inda aka ajiye.

Abin da Gusau ba ta sani ba shi ne idonsa ya fara tafiya. Tun wajen 1997 yanar ido ta fara rufe na hagu, na dama ma ya soma hazo. Tambaya kaɗai ta sani, don ita ta ga yana laluben butar da ke gabansa. Ya roƙe ta kada ta faɗa wa kowa. Ya san garin nan sarai: ranar da aka ji idon mai juye ya raunana, ranar ce ta ƙarshe da za a kira shi, kuma ba shi da gona, ba shi da wata sana'a. Sunansa kaɗai yake ci da shi. Sai ya ƙara dogara da yatsunsa, su kuwa ba su taɓa ba shi kunya ba.

Ranar wata Laraba ce, cikin daminar 1998, lokacin da sojoji suka ce za su sauka, manya suka shiga tarukan siyasa ba dare ba rana. Alhaji Mas'udu, wani ɗan kwangila a Tudun Wada, ya aika a kira shi. Buba ya tarar da baƙar jif ɗin Alhaji ta dawo daga Talata Mafara ke nan, injin har huci yake. Ya ɗora hannu ya janye da sauri.

"Alhaji, injin ga shina da zahi. A ba shi ko rabin awa."

"Rabin awa? Mutane na can Tsahe suna jirana tun ɗazu," in ji Alhaji. "Kai da ka tsuhwa cikin abin ga, ko ido ruhe kana iyawa. Yi maza."

Da Buban shekara biyar baya ne, da ya koma inuwa ya zauna abinsa. Amma mutumin da yake ɓoye rauni ba ya son gardama, don kada a ƙura masa ido. Ya shimfiɗa kwali ya shige. Man ya ƙona masa wuyan hannu, ya daure. Ya naɗe tsumma ya murɗo tsohuwar filta, ya kai ɗan yatsa zai zagaya wurin kamar kullum, ƙarfen ya gasa shi. Daga sama yana jin takun Alhaji. Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya leƙa da ido, ya ga kamar wurin fes yake, ya ɗaura sabuwa. Aka zuba mai, Salisu direba ya tada mota, ba ɗigo ko ɗaya. Jif ta fita, maigadi ya rufe ƙofa.

Yana tattara kaya ne ya ɗauki tsohuwar filtar, wadda ta huce yanzu, babban yatsansa ya bi bakinta. Ƙarfe ne zalla, babu roba. Ya shafa ƙasa, ya shafa kwali, ya tsoma hannu har wuya cikin tasar mai. Babu. Maigadin ya ce ya ga tsohon ya zauna daɓas a ƙasa yana salati, ya ɗauka ciwo ne ya kama shi.

Lokacin ana tsakiyar wahalar fetur, rabin 'yan kabu-kabun garin masu haya da babur suna kan layin mai. Buba ya jefa filtar a aljihu ya nufi Sabon Gari, gudu-gudu sauri-sauri, yana karo da mutane. Da ya ji bayani, Ezekiel bai tsaya doguwar tambaya ba, ya rufe shago, ya ɗauki galan biyu na man inji, ya goya shi a babur ɗinsa. Sun wuce Kwatarkwashi da nisa Ezekiel ya hango baƙin layi a kan kwalta, ya ce, "Baba, ga mai nan a titi." Buba bai gani ba, amma ya ji warinsa.

Sun tarar da jif ɗin a gefen hanya, saura kaɗan a shiga Tsafe. Salisu ya tsaya da ya ga jar wutar gargaɗi ta kama a cikin motar, amma kafin nan inji ya riga ya buga. Mutane sun taru. Alhaji ya karɓe makulli, ya fizge hular Salisu ya jefar a kwata, yana cewa gudun banza ya yi ya fasa wa motar ciki a kan dutse, ko kuwa dama ya rage man ya sayar. Salisu, magidanci mai 'ya'ya biyar, yana durƙushe yana rantsuwa, ba mai sauraronsa. Alhaji na ganin Buba ya ce, "Yauwa, Allah ya kawo ka. Duba ka hwaɗa ma mutanen ga abin da yaron ga ya yi ma mota."

A tsaya a nan a duba da kyau. Zoben ya fashe ya faɗi a wani wuri cikin kilomita arba'in na kwalta. Ba wanda ya san da shi. Ba wanda ya zargi Buba, shi aka ma ɗora alƙali. Shaida guda ce a duniya, tana cikin aljihunsa, kuma ga daji nan hagu da dama. Ezekiel ya rantse cewa ya matse masa hannu ya ce a hankali, "Baba, yi shiru tukuna." Ko ƙarya ba a nemi ya yi ba. In ya ce bai gane ba, shi ke nan, gobe ya ci gaba da bin gidajensa.

Buba ya zaro filtar ya miƙa.

"Alhaji, ba laihin Salisu ba na. Laihina na. Robar tsohuwa ta liƙe, na ɗora sabuwa bisa. Ban taɓa da hannu ba, da ido na duba." Sannan ya ƙarasa abin da ba wanda ya tambaye shi. "Idon kuwa ya shekara ba shi gani sosai."

Alhaji bai zage shi ba, da ma zagin ya yi da ya fi sauƙi. Ya juya filtar a hannu, ya yar da ita, ya ce, "To, Allah shi ba da lahiya." Ya miƙa wa Salisu makulli ya ce ya tsare motar, shi kuma ya tari wata ya wuce taronsa.

Kafin Juma'a labari ya gama Gusau, kuma kamar yadda muka saba, rabinsa kawai ya zagaya. Ba a ce Buba ya bi mota har Tsafe don ya tsayar da ita ba. Ba a ce ya wanke direba ba. Cewa aka yi makaho ya kashe jif ɗin Alhaji Mas'udu. Gidajen da ya yi wa aiki tun suna da akwalar mota guda suka sa masu gadi su ce masa an fita. Sati uku yana zuwa yana komawa da jaka yadda ya fito da ita. A na huɗu ya rataye ta a ƙusa, har yau tana nan.

Abin yana ci mana rai, kuma ya kamata ya ci. Garin nan cike yake da mutanen da suka lalata abin da ya fi inji, suka ɗora wa na ƙasa da su, kuma su ne a sahun gaba ranar Juma'a. Mutum ɗaya ya yi kuskure ɗaya cikin shekara ashirin da bakwai, ya faɗa da bakinsa a bainar jama'a, shi muka zaɓa mu hukunta. Duk makanikin da ya ji labarin nan ya koyi darasi, kuma darasin da muka koya masa shi ne ya jefa filtar a daji.

Malam Buba, ba ka da lambar yabo, ba a yi maka walimar ajiye aiki ba, ba wanda ya kai ka asibitin ido. Mun gode maka duk da haka, ko da godiyar ta zo a makare kuma ba ta cika tukunya. Kai ne ka ga mutum durƙushe saboda laifinka, ka ƙi barinsa a ƙasa. Masu sana'a, direbobi, ma'aikatan ofis, in kuna neman wanda za ku kwaikwaya, yana nan Bungudu, zaune a kan tabarma a ƙofar gida, Tambaya tana sayar da ƙuli-ƙuli suna ci. Ba za mu yaudare ku mu ce hanyarsa tana da riba ba. Ku bi ta dai, don in ba a samu masu bi ba, wata rana ɗayanku ne zai durƙusa a bakin titi yana rantsuwa.

Ezekiel ne kaɗai yake zuwa duba shi, duk ƙarshen wata. Yanzu idon ya rufe duka, da ƙarar babur yake gane shi. Bayan gaisuwa, tambayarsa ɗaya ce, ba ta canzawa.

"Salisu shina nan bakin aikinai?"

"Yana nan, Baba."

"To, alhamdu lillahi. Ba a yi hasara ba."

Wata uku bayan ranar Tsafe Alhaji ya sayi sabuwar mota, ya ɗauko sabon direba daga Kaduna, ya sallami Salisu ba tare da wani dalili ba. Yau shekara guda ke nan Ezekiel yana ba da amsar nan. Wanda duk ya karanta wannan, in hanya ta bi da shi Bungudu, ya tsaya ya gai da tsohon, ya riƙe masa hannu. Amma don girman Allah, kada ya gaya masa.