Sistar da Ta Wanke Kyanwa Daga Zargi

Kafin likita ya iso, Sista ta riga ta buɗe tagogin ɗakin masu asma da borin jini, ta goge benci da jiƙaƙƙen tsumma, don tsintsiya ba ta shiga ɗakin nan. Sai ta ja kujera ta fara abin da ya sa abokan aiki suka laƙaba mata Tun-Da-Safe. Duk wanda ya zauna gabanta, ba ta tsayawa kan lokacin da ƙirji ya riƙe. Cewa take, "Faro mini tun da safe." Masu jiran layi su yi ta tsaki, ita ko a jikinta. Wannan watan za ta ajiye aiki, kuma wallahi in muka bar ta ta tafi shiru mun yi butulci.

Cikin masu tsakin har da wani kafinta. A shago lafiyarsa lau, sai ɗan atishawa. Amma da ya koma gida da yamma ya zauna cin abinci, sai ƙirji ya hau kuka, numfashi ya gagara. Shi a ganinsa ya gano bakin zaren: ciwon ya soma ne shekarar da mahaifinsa ya rasu, ya ɗauko mahaifiyarsa ta dawo gidansa tare da kyanwar marigayin. Ya ce dole kyanwa ta bar gidan.

Mama ba ta ja da shi ba. Ta ce ba za ta zauna tana kallon ɗanta yana neman numfashi ba, ba kuma za ta yar da dabbar da mijinta ya ciyar da hannunsa ba. Ta ɗaure kayanta za ta koma tsohon gida, ita kaɗai, ga ciwon gwiwa. Abin ya tsaya wa kafinta a rai, amma bai ga mafita ba.

Abin shaƙa na asma kawai ya zo karɓa a asibiti, Sista ta tsare shi. Yana ba ta labari yana duba ƙofa, har ya ambaci injin gogar katako da ya saya a shekarar rasuwar, wanda ke tayar da gari kamar hayaƙi.

"Ranar da ba ka je shago ba fa?" in ji ta.

Sai ya tuna makon da zarto ya yanke shi ya zauna a gida, ko sau ɗaya bai taɓa abin shaƙa ba.

"To ita kyanwar, tafiya ta yi a makon?"

Bawan Allah ya ce a'a, tana gida. Nan Sista ta yi masa bayani, yadda ta saba, da yaren da kowa zai gane. Ta ce idan garin katako ya shiga hanyar iska, jiki yakan saki wasu 'yan aike da likitoci ke kira kemokain, su je su kirawo fararen ƙwayoyin jini. Su kuwa ba nan take suke isowa ba. Sai bayan sa'o'i su taru, wurin ya kumbura, hanya ta matse. Wato a shago ake aiken, a gida baƙin suke samunsa. Ta miƙa shi ga likita, aka yi gwajin fata da na busa, aka tabbatar kyanwa ba ta da laifi. Aka ba shi maganin da ke rage kumburin, daga baya ya samo takunkumi na kirki, ya fitar da injin waje.

Sista, ke ce mai haƙurin sauraro. Mun yi miki tsaki, mun ce kin cika bin diddigi, ba ki taɓa rama mana ba. Mutane nawa ne suka kusa barin sana'a, ko gida, ko ɗan'uwa, saboda sun ɗora laifi kan abin da ke gabansu lokacin da ƙirji ya riƙe? Ke kika ja su baya zuwa inda abin ya faro.

Shi kafinta, ranar da likita ya wanke kyanwa, bai koma shago ba. Gida ya wuce, ya tarar da Mama zaune kan akwatinta tana jiran motar da za ta ɗauke ta, kyanwa a cinya. Ya durƙusa ya ba ta haƙuri. Ta dube shi ta ce, "Ai ni ba tafiyar ce ta dame ni ba, ɗana. Tunanin ni na kawo maka ciwo ne yake cina." Da hannunsa ya kwance kayan, yana kuka.

Mun gode, Sista. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki hutu cikin lafiya. Ku kuma da za ku hau kujerarta, kada tsakinmu ya sa ku gaggawa. Ku bar mutum ya gama labarinsa, wataƙila akwai tsohuwar da ke zaune kan akwati a gida.