Ƙofar da Sammore Ya Toshe

Ku matso ku ba ni kunnuwanku. Akwai abin da ya faru da ni da saniyata wanda ba zan manta ba har a sa ni a ƙasa.

Shekarar da soja suka karɓi mulki ce, ga fari, ciyawa ta ƙare ƙaf a Kanan-Bakashe. Saniya guda gare ni, da nononta nake dama wa marayun jikokina fura. Na haɗa ta da garken wani makiyayi suka yi kudu, ta dawo da sammore, ciwon da ƙudan tsando ke sa wa shanu. Ta rame, ido na hawaye, nono ya ɗauke.

Makiyayin ya yi mata allurar garin maganin nan mai ruwan ɗorawa, ya sake yi, shiru. Mahaucin garinmu kuwa kullum sai ya leƙo, yana cewa in ba shi ita tun da sauran nama a jikinta.

Ran kasuwa wata likitar dabbobi ta zo daga Mayahi, yarinya sa'ar autata. Na tare ta na ce, "Ɗiyata, maganin ne na jabu, ko hannun mai allurar ne?"

Ta ce ko ɗaya. Ta ce ƙwayar ciwon halitta ce da ido ba ya gani, fatarta mai maiƙo, abincin da ke cikin jini ba ya ratsa ta sai ta ƙananan ƙofofi, kowace da abin da take bari ya wuce. Akwai wani abinci, adenosin ta kira shi, ƙwayar ba ta iya yin nata, sai ta sata a jinin saniya. Maganin ya yi kama da shi, shi ya sa ƙofar ke buɗe mishi. To ƙwayoyin nan na kudu sun sha allura rabi-rabi har sun toshe wannan ƙofa, suna ci ta wata.

Na ce, "Abin da ba shi da kai, wa ya koya mishi rufe gida?"

Ta yi dariya. "Inna, ba koyo ba ne. Masu ƙofar sun mutu, marasa ita suka hayayyafa."

Na jima ina juya maganar nan. Ta yi wa saniyar wata allura ja, wadda ta ce hanyarta daban. Ba ta yi mini alkawari ba. Mahauci ya zo, na ce ya dakata.

Saniyar ta tashi. Ashe tana da ciki, ɗan ya zube, amma da damina nono ya dawo. Makiyayin ya bar kiwo, yana acaba a Gidan Amumune. Likitar an kai ta Tasawa. Mahaucin Allah ya yi mishi rasuwa, ita kuwa saniyar ta ƙara haihuwa bayansa.

Tun daga nan, in magani ya ƙi ci, ko magana ta ƙi shiga kunnen yaro, ba na ƙara yawanta. Sai in tsaya in duba ta ina za ta shiga.