Tudun Kuɓewa a Bayan Ɗaki

Ni haihuwar gulbi ce. A gefen Maradi aka yanke mini cibi, inda ƙasa take baƙa mai danƙo, wadda in ka dunƙule ta a hannu sai ta zauna a dunƙule. Zamani ne da ba a ga Nasara ba, ba a ma ji labarinsa ba. Mahaifiyata tana da garka a bayan gida. Akwai yakuwa a ciki, akwai gauta da barkono, kabewa tana hawan danga, amma abin da aka san ta da shi kuɓewa ce. Gajeruwa ce, mai jan wuya, yauƙinta kuwa ko busar da ita aka yi ba ya gudu. Daga hannun uwarta ta karɓi irin.

Mijina mutumin arewa ne. Yakan gangaro da bisashe, shanu da awaki, ya koma da hatsi, a nan ya gan ni, ni ma na gan shi. Ranar da za a tafi da ni, mahaifiyata ta ja ni bayan rumbu ta danƙa mini wani ɗan gora da aka toshe bakinsa da tsumma. Irin kuɓewar ne a ciki, cuɗe da toka don kada ƙwari su ci. Ta ce, "Zannuwan da na ba ki za su tsufa. Wannan ba ya tsufa in kin riƙe shi. Kada ki shuka shi duka a damina ɗaya."

Tafiya ta kai mu wannan ƙasa da yanzu ake ce wa Dakoro, wani ɗan ƙauye kusa da Birnin Lalle. Rairayi ne ko'ina, da aduwa da magarya, da rijiya mai zurfin da sai an sa bijimi ya ja guga. Mutanen gidan hura da nono suka sani, ganye a wurinsu na awaki ne. Surukina, wanda kowa ke kira Baba, dogo ne mai ƙarancin magana. Ban taɓa kallon idonsa ba, ban taɓa yi masa magana baki da baki ba, haka al'ada ta ce. Surukuwata kuwa, Inna, baki gare ta, kuma kaji gare ta, suna yawo inda suka ga dama kamar su ne masu gidan.

Daminar farko na shuka rabin irin a bayan ɗakina, a ƙasa shimfiɗe, yadda ake yi a gidanmu. Ashe gidan a kwari yake. Da aka yi ruwa mai ƙarfi, sai ya gangaro daga tudu ɗauke da rairayi, ya bi ta bayan ɗakin. Abin da ruwa bai kwashe ba, kaji suka tone. Inna ta leƙa ta ce, "Ƴar gulbi, kin ciyar mini da kaji, Allah ya saka da alheri."

A shekarar nan hanyar kudu ta toshe. Hari ya yi yawa, ayari suka daina bi, wanda ya tafi ma ba a ji ɗuriyarsa ba. Na zazzage goran a hannuna, abin da ya rage bai rufe tafina ba. Na san in wannan ya tafi, babu inda zan je in samo wani.

Da bazara ta biyu ta zo, maza suka kora bisashe arewa, wajen Azagor, mijina yana cikinsu. Ya bar ni da cikin fari. Ni kuwa na riga na gama shawara da kaina: tun da ruwa ƙasa yake bi, sai in ɗaga shukata sama. Na riƙa zuwa daji ina sarar ƙasar suri, ina ɗaukowa a kwando. Na tara tsohon kashin awaki wanda ya huce, na haɗa da toka da rairayi, na yayyafa ruwa na tattake da ƙafa. Na ta da tudu a jikin danga, tsawonsa kamar tabarma, tsayinsa ya kai gwiwa. Dangar daga kudu ta miƙe zuwa arewa, tudun ma ya bi ta. Don kada gefensa ya zube, na jera masa fasassun tukwane. Don kada kaji su hau, na saro ƙayar magarya na lulluɓe shi. Sannan na yi bismilla na zuba irin duka, na kife goran a kan rumbu. Na tuna maganar mahaifiyata, amma abin da ya rage bai isa a raba ba.

Idona a kan ruwa da kaji yake. Ban ja da baya na dubi aikina da idon baƙo ba.

Aka yi shuka, kuɓewa ta tsiro a ƙarƙashin ƙaya, ganye bibbiyu kamar kunnen ɓera. Hanyar rijiya ta bayan dangarmu ta bi, dangar kuwa gajeruwa ce. Wata rana da hantsi wani Buzu ya zo wucewa a kan raƙumi, ya nufi arewa. Ya tsaya ya dubi tudun daga can sama, ya ɗaga tafuka, ya shafa, ya wuce. Na ce a raina mutumin nan mai yawan addu'a ne.

Washegari sai ga mata biyu daga ƙauyen da ke gabanmu, ɗauke da ƙwaryar hatsi, fuska a ɗaure. Suka durƙusa gaban Inna.

"Ya haƙuri?"

Inna ta ce, "Haƙurin me?"

"Wa aka rasa? Ba mu ji ba sai a bakin rijiya."

"Ku kuka zo gaisuwa, ai ku za ku faɗa mini."

Babbarsu ta nuna bayan ɗakina da haɓa. A lokacin nan a cikin gida ake binne mutum, a bayan ɗakinsa, a jera tukwane, a rufe da ƙaya saboda kura. Da na waiwaya na dubi tudun, sai na ga abin da suka gani. Na kai su, na ɗaga ƙayar na nuna musu tsiron. Suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Da za su tafi ƙaramar ta miƙa hannu ga ƙwaryar, Inna ta dafe ta ce, "Hatsi dai ya riga ya shigo gida. Mamaciyar ma tana cin tuwo."

Mu mun yi dariya a nan, raƙumi kuwa ya riga ya yi arewa da labari.

Ba a daɗe ba, wata rana na dawo daga rijiya da tulu a kai, sai na hangi mutum tsugunne a gaban tudun. Rawaninsa ya warware, ƙafafunsa sun tsattsage, ba takalmi. Ta ƙeya na gane mijina ne. Na sauke tulun. Jin ƙarar ya sa ya waiwayo. Ya dube ni, ya dubi cikina, ya sake dubana. Fuskarsa duk hawaye da ƙura.

Ya ce, "Ke ce?"

Na ce, "Ni ce."

"To wane ne a nan?"

"Kuɓewa ce."

Sai ya zauna a ƙasa daɓas. Da numfashinsa ya dawo, ya ce a wata rijiya gaba da Azagor aka faɗa masa an ga sabon kabari a bayan ɗakin matarsa. Ya bar wa ƙanensa bisashen ya kamo hanya, takalminsa ya tsinke ya jefar. Da ya iso bai yi sallama ta ƙofa ba, ya tsallako danga, don yana tsoron abin da za a faɗa masa.

Ana cikin haka Baba ya zagayo. Ya ga ɗansa zaune a ƙasa, ya ga ƙafafun. Bai ɗaga murya ba. Ya juya ga Inna ya ce, "Gaya wa yarinyar nan ta baje abin nan kafin la'asar. Gidan da ake jiran haihuwa ba na son siffar kabari a cikinsa." Inna ta juyo ta maimaita mini, ko da yake na ji da kunnena. Mijina ya sunkuyar da kai. Ɗa ba ya musu da ubansa a kan irin wannan.

Kuɓewa ba ta son dashe. Saiwarta guda ce, ƙasa take nufa kai tsaye, in ka tumɓuke ta ka gama da ita. Goran kuma yana kife, babu ko ƙwaya. Ban tsorata ba, amma na san tsakanina da la'asar babu nisa, kuma bakina ba shi da hanyar zuwa kunnen Baba.

Akwai wata dabara da na ga matan gidanmu suna yi. Bayan azahar Baba yana zaune a gindin aduwa yana tufkar igiya. Na ɗebi tsaki a ƙoƙo, na je nesa kaɗan da shi na durƙusa na ba shi baya, na kira kaji. Akwai wata kaza wake-wake, uwar ɓarna, ita ce ta fara isowa. Ita na yi wa magana.

Na ce, "Wake-wake, ke kika ja mini. Da ba ki tono, da ban sa ƙaya ba. Abin da ke cikin tudun can shi ne iyakar abin da na kawo daga hannun uwata, ita ma daga hannun tata uwar. Hanya ta toshe. In aka baje shi yau, ya ƙare ke nan."

Kaza tana ta tsattsagar tsakinta. Igiya tana ta murɗuwa a cinyar Baba, ina jin motsinta. Can sai na ji muryarsa.

"Kaza, ki ce mata ɗana ya taka ƙaya ba takalmi saboda tulin ƙasa. Gobe wani zai wuce ya yi kudu da labarin, uwar tata ta zauna makoki. Ta yi tunanin wannan?"

Ban yi tunanin wannan ba, kuma gaskiya ya faɗa. Na ce, "Wake-wake, maganarsa daidai ce. Amma tambayar mini shi, ya taɓa ganin kabari a lanƙwashe? In na ƙara masa ƙasa ya karkata ya zagaye bayan ɗaki kamar jinjirin wata, na kwashe tukwanen, na ɗauke ƙayar, wa zai sake tsayawa ya yi masa addu'a?"

Ya ce, "Kaza, in ta ɗauke ƙayar ai ke za ki cinye."

Inna tana bakin turmi, duk tana ji. Ta jingine taɓarya ta ce, "Ku bar kazar nan ta ci tsakinta, kun ishe ta da aike. Kajin nawa ne, ni zan ɗaure su. Tun da na zo gidan nan nono nake sha, ina so in ga wannan yauƙi da ake ta ba ni labari kafin in mutu."

Baba ya koma kan igiyarsa. Ya gama tufkar da ke hannunsa, siririya ce, irin wadda ba ta ɗaure ko ɗan akuya. Ya naɗe ta ya ajiye a kan tabarma, ya ɗauki butarsa ya tafi alwala. Inna ta zo ta ɗauki igiyar.

Mijina, da ƙafafunsa a naɗe da tsumma, shi ya yi ta jigilar ƙasar suri a ranar da washegari. Muka ja tudun daga kansa na arewa, muka karkata shi gabas ya rungumi ɗakin. Na cire tukwanen ɗaya bayan ɗaya, na kafa ƴan turaku na saƙa kara a madadinsu. A sabon gefen na shuka duma. Kaji kuwa aka ɗaure kowace da ƙafa guda a ƙarƙashin rumbu. Suka yi ta ƙorafi, Inna ma tana taya su, tana cewa ƴar gulbi ta mai da kajinta jakuna. Amma kullum da safe ita ke duba ƙullin. Mijina ya ɗinka takalmi ya koma wajen bisashe.

Babban ruwa ya zo kamar na bara. Na tsaya a ƙofar ɗaki ina kallo, ya gangaro ja wur da rairayi, ya bugi gindin tudun, ya rabu, ya zagaye ya wuce. Kuɓewa tana bisa tana kaɗa ganye.

Da ta kai ƙugu sai ta yi fure. Rawaya ne mai haske, tsakiyarsa ja mai duhu, ya buɗe da safe, kafin azahar ya naɗe. Duman kuma fari yake fitarwa da yamma, don haka bayan ɗakin nan bai rasa fure safe da marece. Mutanen ƙauyen ba su saba ganin fure a cikin gida ba. Matan da suka zo gaisuwar nan suka dawo kallo, wannan karon ba hatsi.

Ƴaƴan kuɓewar na farko, manya masu kyau, ban taɓa su ba. Na ɗaura wa kowane ɗan zaren kaba don kowa ya san na iri ne. Na bayansu na yanka na yi miya, Inna ta tuƙa tuwo. Ta kai loma ta ja ta sama, yauƙin ya biyo ta bai tsinke ba, ta ce, "Wannan sai an yi masa dabara." Aka kai wa Baba nasa a gindin aduwa. Ranar an kwance kaji, don shukar ta fi ƙarfinsu. Ina ɗaki na ji shi yana cewa, "Kaza, je ki tambaya ko da saura a tukunya."

Da kaka na sauka, ɗiya mace. Kafin suna ƴaƴan kuɓewar da na ɗaura wa kaba sun bushe sun fara tsagewa. Ina zaune da jaririya a cinya na murje su a faifai, na cuɗa da toka. Inna ta sauko mini da goran daga kan rumbu. Na cika shi har wuya, irin ya yi saura, ta kawo wani ƙoƙo ta ce wannan nata ne.

Da hanya ta buɗe, na aika wa mahaifiyata da ƙulli guda ta hannun masu ayari, don ta gani da idonta. Ɗiyar nan da na haifa, ranar da aka kai ta ɗakinta, a bayan rumbu na ba ta nata goran. Tudun da ke bayan ɗakina yanzu jikokina ne suke ɗauko mini ƙasarsa, ni ina zaune ina nuna musu da sanda inda za su karkata shi.