Soson da Malam Audi Ya Bar Mini

Ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Daura da kewaye cewa, bayan shekara hamsin da uku a duniya ban taɓa cin gadon ko akuya ba, yanzu na gaji soso. Ba na wankan nan da ke yaɗo a jikin danga ba. Soson teku ne, busasshe, a cikin gwangwanin madara.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mai soson, Malam Audi Maliki, malamin kimiyyar halittu a sakandaren da nake koyar da tarihi, ya rasu ranar Talata, huɗu ga Fabrairun 2025, a asibiti a Katsina, bayan jinyar mako uku. An yi jana'izarsa a nan Daura bayan la'asar.

Audi, shekara goma sha tara muka yi muna gardama a kan abin nan a gindin darbejiyar ofishin malamai. Kai ka ce dabba ce. Ni na ce in har abin da ba shi da kai, ba baki, ba hanji, ba jini, ba ya ko gusawa daga inda yake, dabba ne, to turmin gidanmu ma dabba ne. Ka ce jikinsa duk ƙananan ƙofofi ne, ta nan ruwa ke shiga. A ciki akwai ƙwayoyin halitta, kowace da ɗan gashinta guda, suna kaɗawa suna jan ruwan, suna tsince abincin da ke cikinsa, sannan ruwan ya fita ta babbar ƙofar da ke sama. Nan muka fi rabuwa. Na ce duk tulun da ke ƙasar Daura ta sama ake zuba masa ruwa, in kuwa ya huje, ta hujin yake yoyo.

Har ka sa maginiyar tukwane ta gina maka tulu mai huji ko'ina, ka tsoma shi a baho a gaban ɗalibai. Ruwa ya shiga ta hujin, ban musa ba, amma da ka ɗago shi ta nan ya zubo, ya jiƙe maka wando sharkaf. Shekara biyar na yi ina cin wannan nasara. Da ka kawo mini bidiyo a waya, na ƙi kallo, na ce masanin tarihi ba ya karɓar shaida daga waya.

A zaman makoki ne kaina ya fara ɗaurewa. Mota guda ta mata ta zo daga Dutsi. Ashe lokacin da kake koyarwa a can, shekarar da amai da gudawa ya shiga ƙauyensu, gida gida ka bi kana jera musu tsakuwa da yashi da gawayi a randa don tace ruwa, kana roƙonsu su tafasa kafin su sha. Wata tsohuwa ta ce da ni, "Malam, randar tana nan har yau. Da ruwanta jikokina suka girma." Kujerarmu ɗaya da kai duk shekarun nan, ban taɓa jin wannan daga bakinka ba. Na rasa wane ne mutumin da nake ta yi wa dariya.

A gadon asibiti ka ce, "Mati, 'yan aji huɗu ba su yi soso ba, kuma ba za a turo wani malami ba sai zango mai zuwa. Ka shiga ka yi musu."

Na ce, "Ni? Abin da ban yarda da shi ba?"

Ka ce, "Wa ya ce ka yarda? Karanta musu kawai."

Na ce to, don na zaci za ka tashi.

Bayan addu'ar uku 'yarka Zulfa ta kawo mini gwangwanin da littafin darasinka. Ta ce, "Baba Mati, cewa ya yi a kawo maka tun kafin Inna ta wanke tukunya da shi."

Sau uku na karanta littafin, kowane karatu ya fi na baya rikita ni. Wai soso ba shi da tsoka irin ta sauran dabbobi. Wai wani irinsa wasu 'yan ƙayoyi masu kama da gilashi ke riƙe da jikinsa. Wai in aka murje mai rai ta cikin ƙyalle, ƙwayoyin sai su nemo juna su sake haɗuwa. A nan na rufe littafin.

Ran Litinin na tsaya gaban yara sittin ban san ta inda zan fara ba. In na ce "wai", na ci amanarka. In na ce "haka yake", na faɗa musu abin da ban gaskata ba. Sai na sa Zulfa ta turo mini bidiyon nan da na ƙi, muka kalla benci benci. Wani mai nutso ya zuba koren rini a gindin soso. Rinin ya shige jikinsa ya ɓace. Jim kaɗan sai ga shi yana tashi ta sama kamar hayaƙin murhu. Yara suka ɗau ihu. Ni kuwa ƙofa na waiwaya, ina neman ka in ce maka bidiyon haɗi ne.

Allah ya jiƙanka, Audi, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa ruwan da ka tace wa bayinsa ya zame maka sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Malama Ikilima, da Zulfa da ƙannenta, da mutanen Dutsi. Allah ya ba mu haƙurin rashinka.

Ta sama yake fita, Audi. Ni ne ban yi daidai ba.