Zubewa Ya Yi ko Zubarwa Kika Yi?

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanwata Hajara, Allah Ya jiƙanta. Na daɗe ina koyar da nahawun Hausa a Makarfi, amma sai a kan bencin asibiti na san nisan da ke tsakanin "zube" da "zubar".

Da hantsi muka ɗauko ta daga Gubuchi, ciki wata uku, zani biyu sun jiƙe da jini. Mijinta ya tafi cin rani. Ma'aikaciyar jinyar da ta tarbe mu ba ta ko taɓa goshinta ba. Biro ta ɗaga ta ce, "Baiwar Allah, zubewa ya yi ko zubarwa kika yi?"

Hajara ta sunkuyar da kai. Macen da ko sunan ɗanta na fari ba ta faɗa, ita ce za ta yi zancen cikinta a gaban layin masu yankar kati? Sai aka ɗauki kunyarta a matsayin amsa laifi.

"To, zauna ki tuna," in ji ma'aikaciyar. Abokiyar aikinta ta leƙo ta ce, "Ina mijin? Cin rani? Ashe!" Suka sheƙe da dariya.

Har aka kira azahar muna kan benci. Da aka shiga yi mata wankin ciki, babu allurar kashe zafi. Ina jin nishinta ta bayan labule, ina jin ana ce mata, "Da kika yi ai ba ki yi kuka ba." Kwana huɗu da sallamarta zazzaɓi ya tafi da ita. Ajali ne, na yarda. Amma wulaƙanci aikin hannu ne, kuma da rana tsaka aka yi shi.

Ni fa? Malama guda, ina tsaye ina "don Allah sista, ki yi haƙuri sista", kamar ɗalibar da ta makara. Wannan ladabin nawa ya fi komai ba ni ƙyama.

Da Hajara za ta leƙo asibitin yau, za ta yaba. An yi fenti, an sa sola, kati ya koma kwamfuta. Watan jiya na raka matar maƙwabcina da irin wannan lalura, sai ga tambayar nan daram, baki kawai ta canza. Na ce wa ma'aikaciyar, "'Yar nan, tsayar da jinin tukuna, in ya so ki buɗe kotun daga baya." Ta harare ni, ta kira likita. Matar tana gida yanzu, tana surfenta.

Hajara ba ta bar gona ba, hotonta ɗaya ma ya koɗe. Abin da ta bar mini rashin kunya ne a ƙofar asibiti, kuma matan unguwarmu sun san gidan da za su buga in jini ya ɓalle.