Dutsen da na Nuna wa Kaka a Garwa

Har gobe ba na son warin farar ƙasa. Da na shaƙe shi sai in gan ni a Garwa ta ƙasar Kamaru, ina 'yar aji biyar, riƙe da hannun kakata.

Tana yarinya aka zo garinmu Bilbis aka tafi da mahaifinta dakon kayan sojan da ke yaƙar Jamusawa, a yaƙin Jamus na farko, bai dawo ba. Wanda suka tafi tare ya ce a Garwa ya faɗi. Da wannan magana guda ta tsufa. Kwatsam wani mai fataucin shanu daga Tsafe ya zo da labari, wai akwai maƙabartar sojoji a can, kowa da sunansa a dutse. Kaka ta kafe sai an kai ta. Babana ya ce ai mata ba sa shiga maƙabarta, ta ce ai shi ya san inda ubansa yake kwance. Ajami kawai babana ya iya, ni ce 'yar boko a gidan, sai aka sa ni a mota.

Kwana huɗu muka yi a hanya cikin zafin bazara. Wurin a share yake tsaf, duwatsun an shafe su fari fat. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina haɗa baƙi, harshena na sarƙewa. Duk Jamusawa ne. Mai gadi ya ja babana gefe, na ji yana cewa baƙaƙen da suka mutu ba wanda ya san inda aka zuba su.

Kaka ba ta ji ba. Ƙafafunta sun kumbura, amma ita ke ja na.

"Duba da kyau, ɗiyata. Wanga fa?"

Na dubi babana, ya sunkuyar da kai. Sai na ji bakina ya ce, "Shi na, Kaka."

Ta durƙusa ta shafa dutsen, ta yi Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya. Sannan ta shiga lissafa masa 'ya'yanta, da rayayyu da waɗanda suka koma. Wataƙila ma na kwancen nan ne ya harbi mahaifin nata.

Damina biyu ta ƙara, ta rasu hankalinta kwance. Ni da babana ba mu taɓa tayar da zancen ba har shi ma ya bi ta.

Yanzu jikokina a waya suke nemo komai. Na ba su sunan Bajamushen, don ban taɓa mantawa ba, suka samo har garinsu. Mahaifin Kaka kuwa ko layi ɗaya babu. Sun ce alheri na yi mata. Ni dai abin da na sani, na sa tsohuwa ta yi wa baƙo kukan ubanta, kuma tana sa mini albarka har muka iso gida.